Injin da Ya Ji Sanyi

Abu na farko da Paris ta koya mini shi ne shiru. Na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da gaisuwa cike da bakina, na rasa wanda zan ba. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni na ce wa sannu da Faransanci, sai ta jawo jakarta ta rungume. Daga nan har Montreuil idona yana kan takalmina.

A Montreuil Hajiya Rabi ta karɓe ni. Ƙawar Innata ce tun suna ƴan mata a Damagaram, kuma ita ke dafa abinci a wani gidan kwanan ma'aikata, inda ƴan Mali da ƴan Sanigal ke layi da faranti in sun taso daga aiki. Ba ta fara duban fuskata ba, hannuna ta kama ta juya.

"Hannun Isuhu ne wannan," in ji ta. "Dubi farce. Ke duk karatun da ke duniya ba ki ga na yi ba sai na baƙin mai?"

"Shi aka ba ni, Hajiya."

"Ƙarya kike, ke kika roƙa."

Gaskiyarta. Malam Isuhu babana ne, bakanike ne a bakin hanyar da ke fita Damagaram zuwa Tanut. Ni ce ta fari, ƙannena maza sun makara zuwa duniya, saboda haka ni na tashi ina miƙa masa sifana. Ƙarar inji a kunnena kamar muryar mutum take: na san mai tari, na san mai fushi, na san wanda ya gaji da rayuwa.

Ranar da zan wuce Lyon, inda zan yi karatun injiniya, Hajiya ta buɗe akwatinta ta ciro wata atamfa mai kauri, shuɗiya, da zanen ganye ruwan ɗorawa.

"Na san za su sa ki wandon aiki. In sun sa ki, ki ɗaura wannan a kai. Kada in ji an ce an ga ɗiyar Mariyama sunkuye cikin maza da wando."

Na yi dariya, amma na karɓa, kuma na riƙe maganar.

A Villeurbanne, a gefen Lyon, na sami ɗaki siriri mai taga ɗaya da ke kallon layin tiram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari. Ƴan ajinmu ba su da mugunta, sai dai kowa ya zo da abokansa. Iyayensu injiniyoyi ne da likitoci. Da wata ta tambaye ni sana'ar babana, sai na ji bakina ya ce, "Yana harkar sufuri." Ban taɓa gyara maganar ba. In kewa ta dame ni, ba bakin kogi nake zuwa ba kamar sauran ɗalibai. Tashar bas nake zuwa in tsaya inda ake zuba gazuwal, wato man dizal, in lumshe ido. Warin nan kaɗai ne a duk garin ya san sunana.

Da shekarar ƙarshe ta zo, sai an yi staj, wato aikin koyo, kafin a ba mutum takardarsa. Manyan kamfanoni ba su amsa mini ba. Wani malaminmu ne ya ce akwai wani tsoho a Vaulx-en-Velin da ke neman ɗalibi ya taya shi tayar da wata tsohuwar mota, kuma makaranta za ta yarda da aikin. Na hau metiro, na hau bas, na wuce dogayen benaye, na iske garajin a bayan wani kanti.

Ban taɓa ganin irinta ba. Ja ce, ko in ce ta taɓa zama ja. Ba ta da taya. Sarƙa biyu masu faɗi take takawa a kai kamar tankar soja, amma gajera ce, mai gilashi a tsaye da fitilu biyu zagayayyu kamar idon ɗan maraƙi. Don dusar ƙanƙara aka ƙera ta, tun kafin a haifi babana.

Mai ita Musyo Rene ne, dogo, mai farin gira, hannuwansa suna rawa ba tsayawa. Ya dubi zanen da na ɗaura a kan shuɗin kayan aiki. Ya ba ni kofi, ya ba ni labari. Shi da matarsa Madam Odil sun yi shekaru suna riƙe da wani gidan baƙi a can saman duwatsun da ke gabas da Lyon, inda masu hawan dutse ke kwana. Ita ke girki, shi ke sauka da wannan mota ya hauro da gari da gas da itace. Da ƙarfi ya ƙare suka bar gidan, motar ta kwanta cikin tamfol. Yanzu Madam Odil ta sami shanyewar ɓarin jiki, zuciyarta ma ba ta da ƙwari, likita bai yi musu alkawarin wani sanyin bayan wannan ba. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta ta sake zama a bakin tagar kicin ɗinta.

"Mai gidan na yanzu ya ba ni makulli," in ji shi. "Amma da sanyi ba abin da ke hawa sai wannan. Kuma akwai hawa na ƙarshe, mai tsaye. Ko tana da ƙuruciya sai na sauke rabin kaya in yi sawu biyu. Yanzu ga Odil, ga kekenta na marasa lafiya, ga wanda zai ɗauke ta, ga ke. Ba wanda zan iya saukewa a tsakiyar dutse. Ina son ki ƙara mata ƙarfi."

Aikin ya shiga raina tun ranar. A saman dutse iska ba ta da kauri, inji yana haki kamar mutum. Muka kwance shi kaf. Muka aika da kilas, wato murfin kan injin, aka ɗan fere shi don ya ƙara matse mai da iska. Na cire tsohon tsarin wuta na sa na zamani, wanda ba ya kuskuren lokaci. Saura karbirata, mai gauraya mai da iska: tsohuwar maƙogwaro ɗaya gare ta, muna son mai biyu, don injin ya sha iska ya ƙoshi. Musyo Rene yana zaune a kan kujera yana faɗa, ni ina yi, domin hannunsa ba ya iya riƙe ƙaramin noti. Wani lokaci yakan kawo Madam Odil a kekenta, ta zauna kusa da hita tana kallonmu. Maganarta ta ragu, kalma ɗaya ko biyu take fitarwa da ƙyar. Ranar farko ta miƙo hannunta mai lafiya ta shafa zanena, ta ce, "Kyau."

Karbiratar ce ta mayar da ni Paris. Musyo Rene ya ga wani yana tallar irin wadda muke nema, a wata unguwa arewa da birnin, ya ce in je in gani da idona, tunda nawa ya fi nasa. Mutumin ya tarbe ni a wani fili cike da ƙarafa, yana ta kirana injiniya. Karbiratar tana walƙiya kamar sabon kwano. Na juya ta, na taɓa, na ji kunyar in ce zan buɗe cikinta a gabansa, kada ya ga kamar na ce masa ɓarawo. A gidanmu ba a yi wa babba haka. Na biya, na naɗe ta a tawul, na ɗauko.

A kicin ɗin Hajiya Rabi na kwance ta, tsakanin buhun shinkafa da albasa. Cikin ya ci tsatsa, jikin ya tsage, an cike tsagar da wani ƙulli an shafa fenti. Na kira lambar mutumin, ba ta shiga. Na zauna a kan bokiti na yi kuka.

"To ki yi ta yi, ruwan miya ya ƙaru," in ji Hajiya. Ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta leƙa ta ƙwala kira. "Kai, Dambele! Ba a wurin fasa tsofaffin motoci kake aiki ba? Zo ka ga abin da aka yi wa ɗiyata."

Wani ɗan Mali mai furfura ya zo da farantinsa a hannu, ya duba, ya girgiza kai. Kafin in koma Lyon ya kawo mini wata, baƙa ƙirin da datti, amma lafiyayya. Na rasa bakin godiya. Ya ce ba ruwansa da godiya, a dai gaya wa Hajiya ta daina ba shi ƙashi tana kiransa nama.

Na gaya wa Musyo Rene duk yadda aka yi. Ya ce shi ma an taɓa sayar masa da jaki makaho. Amma ni abin bai bar ni ba. Na ƙudura a raina cewa ba zan sake ba shi dalilin yi mini haƙuri ba.

Ranar da injin ya tashi da sabuwar karbirata, ni kaɗai ce a garajin, Musyo Rene ya kai Madam Odil asibiti. Muryar ta canja, ta yi zurfi, kamar tsoho ya tuna waƙar samartakarsa. Na tsaya ina saurare har idona ya kawo ruwa. Sai na dubi allurar zafi, na ga tana hawa. Ta wuce tsakiya, ta doshi ja.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai san abin da wannan allura ke yi wa cikin mutum ba. Na ga motoci a hanyar Tanut da hancinsu a buɗe suna tururi, fasinjoji a gindin ƙaya suna raba ruwan shansu da radiyata. A wurinmu zafi ne ke kashe inji, ba wani abu ba. Kuma maganinsa na farko kowane yaron garaji ya san shi. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin buta a bakin bututun ruwa, ana ce masa termosta. Aikinsa ya tare ruwa, kada ya zagaya radiyata sai injin ya yi ɗumi. Duk motar da ta iso garajin Baba daga Turai, kafin a duba komai, sai ya cire shi ya jefa a wani tsohon gwangwanin tumatir, ya ce, "Wannan shi ke dafa inji."

Na karanta termosta a aji. Na zana shi a jarrabawa, na ci. Amma a ranar garajin yana da ɗumi, ina gumi, allura tana hawa, kuma dusar ƙanƙarar da na sani ita ce ta Lyon, wadda ke narkewa kafin ta taɓa ƙasa. Hannuna ya riga kaina. Na cire shi, na jefa a gwangwanin kofi a kan kanta, na ɗaure bututu. Na tayar da injin, allura ta kwanta lumui.

Da Musyo Rene ya dawo, a gajiye yake, hankalinsa yana kan abin da likita ya ce. Na ce masa injin ya so ya yi zafi amma na magance. Sai na ƙara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a ƙasar nan.

"Babana bakanike ne. Dabararsa ce na yi."

"To a gaishe da babanki," in ji shi, yana murmushi. Bai tambaye ni wace dabara ba. Na koma ɗakina ranar ina jin kamar na biya Baba wani haƙƙi.

Tiyeri, ɗan ƙanen Musyo Rene, shi ya ɗora motar a tirela ya ja mu zuwa gindin dutsen. Ƙato ne mai yawan ba'a, shi zai ɗauki Madam Odil in mun isa. Tun a hanya yake tsokanata.

"Balkisa, siket a kan wando, wannan sabon yayi ne a Paris?"

"Umarnin uwa ne."

"To na yi shiru. Ni ma tawa har yau ita ke zaɓa mini safa."

Safiya ce mai haske. Ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Ya yi kama da tudun rairayi na arewacin ƙasarmu, sai dai an zare masa rana daga ciki. Sanyin ba ya taɓa fata, cizo yake. Muka zaunar da Madam Odil a gaba kusa da mijinta, muka lulluɓe ta da duk bargunan da muka zo da su, ni da Tiyeri muka matsu a baya da keken. Sarƙoƙi suka kama ƙanƙara, muka shiga cikin itatuwa.

Da farko motar waƙa take. Musyo Rene yana ta buga sitiyarinsa, wanda ba sitiyari ba ne, sanduna biyu ne ake ja, yana cewa, "Ji ta, Odil, ji ta!" Ni kuwa idona yana kan allura. Ba ta motsa ba. Na ji daɗi. Wallahi daɗi na ji.

Tiyeri ne ya fara cewa, "Kawu, kunna hita mana." Musyo Rene ya ce ai a kunne take. Na sa hannu a bakinta, iska mai sanyi ke fitowa. A nan ne na fara gane abin da na yi. Hitar mota da ruwan inji take ɗumi. In ruwan bai yi zafi ba, ba abin da za ta bayar.

Na ɓoye abin da na gane. Na ce a raina in mun fara hawa zai ɗumama. Muka fita daga itatuwa, iska ta same mu a fili. Injin ya fara tari. Baƙin hayaƙi ya biyo mu a kan farin nan kamar an zubar da tawada. Mai ba ya ƙonewa sosai a cikin inji mai sanyi, jiƙa buji yake, wato filogin da ke ba da wuta. Ƙarfin da na yi watanni ina tarawa ya dinga zubewa, har a gindin hawan ƙarshe motar ta yi shaƙuwa biyu ta mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi na metiro. Na dubi Madam Odil. Leɓenta ya koma toka-toka, haɓarta tana karkarwa.

Muka buɗe hancin motar. Na kwance buji ɗaya, baƙi ne, jiƙe. Musyo Rene ya cire safar hannu ya ɗora tafinsa mai rawa a kan bututun ruwa na sama, ya bar shi a wurin. Bayan tafiya irin wannan bai kamata a iya taɓa shi ba. Ya juyo a hankali.

"Balkisa. Termosta fa?"

"Yana garaji," na ce. "A gwangwanin kofi."

Tiyeri ya yi wata ashar ya juya baya. Musyo Rene ya mayar da safar hannunsa. Ya dube ni kawai, kuma na ga lokacin da ya tuna maganar dabarar babana. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na kawo sunan Baba ƙasar nan sau ɗaya tak, ga inda na ajiye shi.

"Mu juya," in ji Tiyeri. "In ta tashi ma, mu juya."

Daga cikin motar muka ji ana bugun gilashi. Madam Odil ce, da hannunta mai lafiya. Mijinta ya buɗe ƙofa ya sunkuya. Ta haɗa ƙarfinta duka ta ce, "Sama."

Abin da ake bukata shi ne a toshe gaban radiyata, a hana iska shiga, ruwan ya samu ya riƙe zafinsa. Kwali ake sawa, ba mu da kwali. Barguna suna jikin Madam Odil, ba mai taɓa su. Tiyeri ya kama zif ɗin rigarsa, kawunsa ya ce kada ya soma, shi ne zai yi ɗauka in an isa. Suna ta waige-waige, ni kuwa na riga na san abin da ya rage.

Na juya musu baya na kwance zanen Hajiya Rabi. Na san a idonsu ba komai ba ne, mace ce da wandon aiki kamar kowace. Amma ni tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa gaban maza haka ba, kuma ji na yi kamar duk Damagaram ta fito saman dutsen tana kallo. Na ninka shi huɗu, na shimfiɗa a gaban radiyata, na ɗaure da waya. Yatsuna ba sa jin wayar. Na kwance sauran buji, Tiyeri ya ƙona bakinsu da laita ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya dube ni ba, na mayar.

Ta tashi. Muka bar ta tana aiki a tsaye, muna jira. Ban san tsawon jiran ba, na dai san na karanta duk abin da na haddace. Allura ta ɗaga kai kaɗan. Ta ƙara. Tarin ya ragu, hayaƙin ya washe, hita ta fara fitar da numfashi mai ɗumi kamar na akuya.

Musyo Rene ya ja sandunansa. Motar ta tunkari hawan nan da mutum huɗu da keke, da shuɗin zane a fuskarta, ta haye shi a sawu ɗaya ba ta ko yi haki ba. Tiyeri ya yi ihu. Ni ban iya ba. Aikina ya yi, kuma bai wanke ni ba.

Gidan yana can a kan wani ɗan fili, na dutse, rabin ƙofarsa a binne. Muka tsaya a gabansa. Musyo Rene ya taɓa kumatun matarsa, ya saurari numfashinta, wanda ya fara fita da wani ƙara. Cikin gidan ya fi waje sanyi, wata da watanni ba a hura wuta ba, kafin murhu ya ɗumama kicin rana ta juya. Da mun iso da ita da ɗuminta, da an naɗe ta an shiga da ita ko na ɗan lokaci ne. Yanzu ba ta da sauran abin da za ta ba sanyi.

"Ba za mu fitar da ita ba," in ji shi.

Ya ɗauki makulli ya sauka shi kaɗai. Muna kallonsa yana nutsewa har gwiwa, yana ture ƙanƙara daga bakin ƙofa da ƙafa. Ya ɓace a ciki. Can sai katakon wata taga ya buɗe, ga shi tsaye a bayan gilashi, dogo, da farin girarsa. Ya ɗaga hannunsa mai rawa yana kaɗawa. Madam Odil ta zuba masa ido, ba ta ƙifta ba. Daga nan muka juyo.

Sanyin ya sauka a ƙirjinta. Washegari aka kwantar da ita a wani asibiti a Lyon. Ni kuma na shige ɗakina na ja labule, ina jin tiram yana wucewa yana dawowa. Musyo Rene ya kira, ban ɗauka ba. Ya aiko da saƙo cewa zai sa hannu a takardar staj ɗina, injin ya yi abin da aka ce ya yi. Wannan ma ya ƙara mini nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kira Baba. Ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Balki! Ina sanyi? Ina karatu?"

"Lahiya lau, Baba." Sai na ba shi labari tun daga gwangwani har asibiti. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya kare kansa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe akwai ƙasar da inji ke jin sanyi. Ni da na tara su cike da gwangwani, ban taɓa tambayar wa suke wa amfani ba. To, tsohuwar fa? Kin je gaishe ta?"

"Baba, da wane ido?"

"Da wanda kika cire abin da shi. Mutum yana kwance ta dalilinki, ke kina ɗaki kina jinyar kunyarki? Ki dama kunu ki tafi. Kuma ki ce Isuhu na Damagaram yana gaishe ta, yana ba ta haƙuri. Rabin abin nawa ne."

Na fara biyawa ta garaji. Na ciro termosta daga gwangwani, na sa shi a tukunyar da Musyo Rene ke dafa ruwan kofi, na kunna wuta. Na tsaya ina kallo. Da ruwan ya kusa tafasa, ɗan ƙarfen ya buɗe bakinsa a hankali kamar furen kabewa da safe. Lafiyarsa ƙalau, shekara da shekaru yana aikinsa ba wanda ya gode masa. Radiyatar ce ta toshe da tsatsa, ita ta sa allura hawa tun farko. Na wanke ta, na mayar da shi wurinsa, na ɗaure.

Kunun gyaɗa na dama, na zuba a fulas. A asibitin na iske Musyo Rene zaune a bakin gado. Madam Odil ta rame, da bututu a hancinta, amma idonta a buɗe. A kan gwiwoyinta, bisa farin bargon asibiti, ga zanen Hajiya Rabi. An wanke shi, sai dai sawun radiyata bai fita ba, layi-layi baƙi a kan ganyen ɗorawa.

Na durƙusa a gefen gadon kamar yadda ake yi a gida. Na isar da saƙon Baba da sunansa da sana'arsa. Na ce, "Madam, ni na hana ki zama a tagarki."

Ba ta ce a'a ba. Ta ɗauki lokaci tana tattara kalmomi, mijinta yana cike mata inda suka faɗi. Ta ce duk shekarun da suka yi a can, in ta ji ƙarar motar tana haurowa, takan bar tukunya ta zo taga ta ɗaga masa hannu. Ba ta taɓa sanin ko yana hango ta ba, gilashin yana da ƙanƙara, shi kuma hannuwansa biyu suna kan sanduna, bai taɓa mayar mata ba.

"Ba ki taɓa tambaya ba," in ji Musyo Rene.

"Kai ma... ba ka faɗa ba." Ta juyo da ido wurina. "Ana gani," ta ce. "Sarai."

Ta sha cokali biyu na kunun, ta yamutsa fuska, ta ce a ƙara sukari. Da na kai hannu wajen zanen don in gyara mata shi, ta danne shi da tafinta, ta ce, "Nawa." Har yau ban gaya wa Hajiya Rabi inda atamfarta ta kwana ba.

Madam Odil ba ta sake hawa dutsen ba, kuma ba ta zauna a tagar kicin ɗinta ba. Wannan yana nan a wuyana, maganarta ba ta sauke shi ba, ban kuma so ta sauke ba.

Da na fito, na ratsa farfajiyar asibitin da fulas a hannu, kaina a ƙasa kamar ranar da na shiga metiro. Ban san abin da ya sa na waiwaya ba. Benen yana da tagogi da yawa, duk iri ɗaya, rana tana dukan gilashinsu. A hawa na uku, a bayan ɗaya daga ciki, ga wani dogon mutum ya turo keke, ga ɗan shuɗin zanen nan, ga hannu ɗaya a sama.

Na ajiye fulas ɗin a ƙasa na ɗaga nawa biyu.